Ka Yi Tarinka a Gabana

Agiye, ranar Laraba.

Zuwa ga Baban Farida, inuwar gawona, ruwan randata a tsakiyar bazara, muryar da kunnena ya fi sani a cikin duk muryoyin da suka taɓa ratsa shi. Sallama irin ta addini, da gaisuwar wadda ta kwana da tunaninka ta tashi da shi.

An kwantar da Sajo mai jita a wani asibiti a Maradi. Likitoci sun ɗauki hoton ƙirjinsa, sun ga tabo a huhun hagu, sun ɗebi abin da za a auna sun aika Yamai. Yana cin abinci kaɗan, yana sallah a zaune. Ƙanensa Jaye ne ke jinyarsa. Ya aika wa matarsa cewa kada ta zo.

Haka zan karanta shi a labaran yamma da a ce labarin wani ne. Ka yi mini afuwa da na rubuta sunanka ƙuru-ƙuru, ka san a cikin labari ne kaɗai bakina yake iya ɗaukarsa. Jimlar ƙarshe ta wannan labarin ita ce dalilin wasiƙar nan.

Na gwada waya. Kana gaisawa lafiya lau, kana tambayar awaki, kana tambayar ko an gyara ƙyauren zaure, sai in ji ka ja numfashi, sai layi ya mutu. Ka ce wa Jaye reso ne, wai sabis ɗin waya ne ke ɗaukewa. Masoyina, na daɗe ina aiki da waya, ban taɓa ganin reson da ke ɗaukewa daidai lokacin da tari ya taso wa mutum ba. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka kashe ta.

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Gidan rediyon garin nan yana sabo, ni ban daɗe da dawowa daga lakol, makarantar aikin jarida, ba, aka ce in yi hira da Bafulatanin nan da ya bar shanun ubansa ya rungumi jita mai lantarki, wanda ya koyi kiɗan rok daga kaset ɗin direbobin manyan motoci, wanda ƙungiyarsa, Ƙahon Bijimi, ke sa samari su tsallake benci daga Gazawa har Gidan Rumji. Na shirya wa mahaukaci. Sai ga mutum ya shigo da rawani da baƙar rigar fata a cikin wannan zafi, ya cire takalmi a ƙofar ɗakin da kowa ke shiga da takalminsa, ya zauna yana kallon ƙasa, yana amsa tambaya da Hausarsa ta ruga a hankali kamar mai tatsar nono. Muna tsakiyar hira ka dafa aljihun ƙirjinka ka ce, "Madam, a yi mini izini, ina zuwa."

Na leƙa ta taga. Ka duƙa ka ɗebi yashi, ka sake shi daga tsakanin yatsunka, ka ga inda iska ta kai shi. Sannan ka zagaya ta wancan gefen, nesa da matan da ke sayar da aya a bakin ƙofa, ka ba su baya, ka kunna tabarka. Da ka gama ka tona ƙasa da dugadugi ka binne guntun, ka kurkure baki da ruwan buta, ka jefa kanumfari, ka dawo ka ɗauki maganarka daga inda ka ajiye ta. Na tambaye ka, ban da na'ura, me ya kai ka can. Ka ce, "A wurinmu hayaƙi na shanu ne, yana kore musu ƙuda. Mutum ba a ba shi hayaƙi."

Wayyo, wannan yashi! Na sha karanta yadda mata ke faɗawa soyayya, wasu a kan waƙa, wasu a kan ido ko tsayi. Ni a kan ɗan yashin da ya zubo daga hannunka na faɗa. Na ga tsawa da ta san inda gida yake ta kauce masa. Na ga guguwa da ke neman izini kafin ta wuce ƙofar mutane. Wace mace ce za ta ga haka ta koma gida yadda ta fito?

Sama da shekara ashirin ke nan, kuma ba ka sauya ba. Ba ka taɓa kunna taba a ɗakina ba, ko a mota, ko a gaban wanda ya girme ka, ko inda mai ciki za ta wuce. Mahaifinka ya koma ga Allah bai taɓa ganin kara a bakinka ko jita a wuyanka ba, ko da yake ya san da duka biyun. Farida sai da ta shiga kolej sannan ta ji a bakin ƙawayenta cewa babanta yana shan taba, ta zo gida tana rantsuwa sharri ne. Duk wanda ya zauna da kai ya san alamar nan: ka dafa aljihu, ka ce kana zuwa, a ci gaba da hira. Ba mai tambaya. Ka koya wa gari guda kada ya bi ka da ido.

Yanzu ga abin da na tattara tun da aka kai ka, don ka san ba da zato nake magana ba.

Muttaka mai ganga ya zo ya faɗa mini yadda aka yi a bikin Gidan Sori. Ya ce da la'asar sakaliya, kuna tsakiyar waƙar nan taka ta Gulbin Kaba, ka jingine jita a kujera, ka ɗaga wa jama'a hannu, ka dafa aljihu. Ya ce maka, "Haba tsoho, ko a tsakiyar waƙa? Tabar nan ta fi mu iko da kai." Ka ce, "Riƙe musu kiɗan, ɗan nema, kada 'yan mata su huce." Ya riƙe har hannunsa ya gaji, ana ta dariya ana cewa tsoho ya haɗa kara biyu. Da ya zagaya bayan rumbu ya iske ka zaune a ƙasa, kana jawo yashi da tafin hannu kana rufe abin da ya fito daga ƙirjinka. A kan amalanken da ya kai ka bakin titi, in ji shi, abin da kake ta nanatawa shi ne a ba uban ango haƙuri, ka ɓata masa taro.

Na je wurin Chindo mai tebur. Kafin in buɗe baki ya ce, "Hajiya, don Allah in laifi na yi wa Baba a faɗa mini. Tun azumin bara ko kara ɗaya bai saya ba, sai kanumfari. Na ce ko ya koma wurin Salim na bakin tasha ne." Na je wurin Salim. Ya ce bai taɓa sayar maka da ko ashana ba. Na kira Jaye na ce ya duba aljihun rigarka. Ya ce kwalin taba yana nan, amma babu taba a ciki, sai hankici a naɗe. Bai so ya faɗi kalarsa ba, ni ma ban matsa ba.

Daga nan na ɗauki kara na zagaya bayan gida, gindin gawon da kake zuwa, wurin da tun da muka tare ban taɓa taka shi ba saboda naka ne. Na tona. A can ƙasa akwai tsofaffin guntaye da suka koɗe. A sama babu ko ɗaya, sai dunƙulallen yashi mai duhu, wuri-wuri.

Ga labarin ke nan a taƙaice: ka daina shan taba tun azumin bara, ka ci gaba da dafa aljihu. Fitarka ta yawaita, muka ce tsoho ya ƙara sha. Ni kaina na yi maka faɗa a damina, na karanta maka abin da likitoci ke cewa game da huhu, ka saurara har na gama ka ce, "To Madam, za a rage." Ka ɗauki laifin da ka riga ka bari don kada a ga ciwon da kake ciki. Yadda ka riƙa kai hayaƙinka gefen da iska ba za ta kawo mana ba, haka ka kai tarinka.

Na san sunan abin. Fulako ne, da shi aka yaye ka. Namiji ba ya cewa yunwa, ba ya cewa ciwo, ba ya nishi a gaban surukai. Ban raina shi ba, don shi na aura. Amma ka saurare ni, hasken idona, nonon safiya da ba a surka ba: ladabi irin wannan na baƙi ne. Na matan da ke sayar da aya ne, na uban ango ne, na jama'ar da ke tafi a gaban dandali. Ni yaushe na zama jama'a? Wadda ta wanke rawaninka, wadda ta san yatsan da tsirkiya ta fi ci, wadda ta san numfashinka a barci fiye da nata, ita ce za a duba iska a kauce mata? Kaico! Da ka busa mini hayaƙin duniya a fuska da ya fi mini sauƙi a kan wannan yashin da na tona.

Na kira ka gawo a sama, ba don daɗin baki ba. Duk manomin ƙasar nan ya san halinsa. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke taƙama da ganye, shi sai ya zubar da nasa, ya tsaya tsirara kamar matacce, don geron da ke ƙarƙashinsa ya sami rana. Haka ka yi mana, ni da Farida da duk wanda ya shuka wani abu a kusa da kai. Amma ko gawo ya san lokaci. Yanzu kaka ce, an yanke gero, an ɗaure dammuna, gawon bayan gidanmu ya fara toho tun makon jiya. Babu sauran wanda inuwarka za ta hana girma. Farida ta gama karatu. Ni na tsufa daidai gwargwado. Abin da ya rage mini a duniya shi ne in shimfiɗa tabarma a gindinka, ko da ganye ko babu.

Jaye ya kawo mini dalilanka. Ka ce kada in ɗauki ciwon. Na yi magana da likitanka da kaina, ya ce awon farko bai nuna tarin fuka ba, abin da suke nema a Yamai kuma ba irin wanda ake ɗauka ba ne. Ya faɗi sunan da suke tsoro, na san kai ma an faɗa maka, ba sai na rubuta ba. Ya ce yana iya zama shi, yana iya zama wani abu mai sauƙi, sai sakamako ya zo. Ka ce hanya da wahala. Daga Agiye zuwa Maradi kwalta ce, kuma na taɓa bin ka Gazawa a bayan kabu-kabu da cikin Farida. Batun awaki kuwa, Amina maƙwabciyarmu ta karɓe su, har ta ce in gaya maka jar akuyar nan ta fi ka jin magana.

Dalilin da ba ka aiko ba shi ne na gaskiya: ba ka so in gan ka kana tari. To ga alkawarina. Ba zan yi kuka a ɗakin ba. Ba zan yi maka tambaya irin ta aikina ba. Ba zan ce da ka faɗa tun wuri ba, na faɗe shi a nan sau ɗaya, ya wuce. Masu dubiya in sun zo zan tare su a waje in ce kana barci, don fulakonka ya zauna lafiya a gaban mutane. In tarin ya taso zan riƙe kwano in kalli bango, in ka fi son haka. Zan zo da kindirmo daga rugar ƙannenka, da jar jitar, ba tare da wayarta ba, ko yatsunka za su so su taɓa wani abu. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da takardar Yamai za ta zo, a karanta mana ita tare. Na gaji da jin labarin mijina daga bakin mai ganga da mai tebur.

Na kama wuri a motar safe ta ranar Juma'a. Zan zauna a bencin da ke ƙofar ɗakinku. Ba zan shiga ba sai ka ce in shiga, don ni ma na koyi wani abu a zama da kai. In ka ga dama ka bar ni a can har sakamako ya zo, zan zauna. Sai dai ka sani bangon asibiti ba kauri gare shi ba, duk tarin da ka yi zan ji shi, kuma babu yashin da za ka duba.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya mayar da kai gindin gawonka da ƙafafunka. Ni taka ce tun ranar da na leƙa tagar nan, taka ce a gefen da iska ke kaɗawa da gefen da ba ta kaɗawa, kuma taka ce har ranar da za a ja yashi a rufe ɗayanmu.

Matarka,
Hassana

Ƙarin bayani: ina naɗe takardar nan Jaye ya kira. Ya ce ɗazu ya ji ka tambayi malamar jinya ko gefen gadon zai ɗauki tabarma ta biyu ban da tasa. Bai ji ka faɗi ta wa ba. Majiya ɗaya ce, ban tabbatar ba tukuna.