Hantar Ragon Baba

Kwaya, mako guda bayan Layya

Zuwa ga ƙanena Hashim,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya Yamai da aikin labo, ɗakin binciken naku? Mu nan lafiya lau, in ka cire kunyar da ka bar mana. Na rubuto ne don ba ka ɗaukar waya.

Hashim, a gidan nan aka haife ka. Ka san Baba ba ya sa komai a baki ranar Layya sai an gasa masa hantar ragonsa. Amma ana buɗe cikin ragon ka yanke ta da ɗuminta, ka jefa cikin akwatin ƙanƙara, ka hau kabu-kabu, wai abin da kake nema a cikinta saurin lalacewa gare shi. Tsoho ya zauna a tabarma da baki bushe har azahar. Sai maƙwabcinmu Maiwada ne ya aiko masa da tsoka daga hantar nasa ragon, kamar mu ba mu yanka ba.

Ban manta bayanin da ka yi mini ba. Ka ce hanta cike take da ƴan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma suna haɗa wani irin maiƙo mai sunan da ya fi ƙarfin harshena. Ka ce kamar yadda nake matsar man gyaɗa in ajiye na gida in ɗora saura a amalanke zuwa kasuwar Dungas, haka su ma suke riƙe nasu, su loda saura su tura cikin jini. To na ji. Wa zan tsayar a bakin rijiya in yi wa wannan karatun? Maganar da ke gari ita ce ɗan Malam Zakariya'u ya kai wa boka hantar layyar ubansa. Baba ya daina zama a ƙofar masallaci bayan la'asar.

Ina jin haushinka, kuma ba zan ɓoye ba.

Yayarka, Lubabatu

Kwaya, lokacin girbin gero

Hashim,

Gaisuwa da fatan alheri. Da fatan kana lafiya, kai da ƙwayoyin naka.

Baba ba lafiya. Idanunsa sun yi rawaya, ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Na kai shi Dungas, majo, babban malamin asibitin, ya ce yana zargin hanta ce, sai an ɗebi jini an yi analis, wato gwaji. Baba ya ja hannun rigarsa ya rufe. Ya ce an ɗauke masa hanta yana kallo, ba zai ƙara da jini ba.

Kai kaɗai za ka kwance wannan ƙullin, tunda kai ka ƙulla shi. Saƙonka na waya ya iso. Ka sake jero mini yadda jini ke tona asirin hanta, yadda maiƙon nan ke ƙaruwa ko ya ragu in ta kamu. Ni kake faɗa wa? Ni na riga na yarda. Sannan ka ce ba za ka iya tasowa ba, don ƙwayoyin da kake reno cikin kwalba kullum sai an canza musu abinci, in ka bar su aikin shekara ya tafi. Sannu mai reno! Ni ma ina da wanda nake ba abinci kullum, kuma ba ya ci.

Ka zo ka durƙusa ka ba shi haƙuri. Abin da ya rage ke nan.

Lubabatu

Damagaram, daga asibiti

Hashim,

Assalamu alaikum. Ba zan tambayi lafiyarka ba, na san kana da ita.

Cikin Baba ya kumbura har numfashi ya yi masa wuya, muka kawo shi nan ni da Maiwada. Na shirya rigima da shi kan jinin, sai ga shi ya miƙa hannu da kansa. Da malamar asibiti ta cika kwalbarta, ya roƙe ta ta ƙara ɗaya. Ya ce yana da ɗa a Yamai mai binciken abin da hanta ke zubawa cikin jini, a kai masa, tunda ta rago ba ta ishe shi ba, ko ta mutum za ta fi yi masa amfani. Ba da gatse ya faɗa ba, Hashim. Da fara'a ya faɗa, har yana gaya mata sunanka.

Malamar ta ja ni gefe ta ce ba haka ake aika jini ba, kuma ba ta ɗiba ba. Likita kuma ya ce hantar ta lalace sosai, mu kira duk wanda za mu kira.

Kowace safiya Baba sai ya tambaye ni ko jinin ya isa wurinka. Na ce masa ya isa. Yanzu tambayarsa ita ce me ka gani a ciki, kuma ya ce ba zai ji daga bakin kowa ba sai naka. Ni ba ni da amsar da zan ba shi gobe. Ban yafe maka ba, amma ka hau mota.

Wassalam,
Lubabatu