Hannun Inna

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024
Hannun Inna na dama bai daina rawa ba. A Matankari har an gama yanke hukunci: wai iskar nan Doguwa ce ta dawo neman dokinta, wato Inna. Ni na raba Inna da bori da daɗin baki da kuka. Idan ta koma a ɓoye fa? Saboda wannan zargi, tun da abin ya fara ban sha furarta ba. Ta lura.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Na rufe shago. Za mu Yamai a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Inji dai ba ya ƙarya.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Aka tura ta cikin injin nan mai ƙara kamar na niƙa. Ni da ke waje sai kai-komo nake, ita ko gezau. Da ta fito cewa ta yi: “Gogenmu ya hi wanga daɗi.” Matar nan!

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Hoto tas. Ba ƙari, ba jinin da ya toshe. Ashe iska ce?

Likitar, Mubaraka sunanta, ta karanci fuskata. Ta ce hoton ya kore wasu cututtuka ne kawai. Wadda take zato, Parkinson, irin wannan hoto ba ya nuna ta. Ta sa Inna ta yi tafiya, ta juya, ta haɗa yatsu. Ta rubuta magani, ta ce amsar jiki ce za ta ƙara mana tabbaci. Ban taɓa ganin mai ilimi ya faɗi iyakar injinsa ba kunya haka ba. Ta burge ni ƙwarai.

A mota Inna ta ce, ba ta ko dube ni ba: “Luƙman, ba ita ta ba. Shekara talatin tana hawa na, na san zuwanta. Wanga ciwo na. Da ka tambaye ni, da na hwaɗa maka.”

Ban tambaya ba. Ko sau ɗaya.

Lahadi, 17 ga Nuwamba
Maganin bai iso Dogon Dutsi, inda muke saye, ba tukuna, sai jibi. Hannun yana nan yadda yake.

Ta dama fura da rana, rabi a ƙwarya rabi a tabarma. Ta ajiye nesa da ni kamar yadda ta saba yanzu. Na jawo na shanye.

Ƙishirwa ce kawai. Ana zafi yau.