Ƙaramin Uku a Kan Biyu

Takanamat, 3 ga Mayu, 1985

Yaya Rakia,

Gaisuwa mai yawa, ina wahalar ofis? Takardun lissafin da na roƙe ki ki buga wa 'yan ajina a tafireta sun iso, amma Yaya kin kashe ni. Na rubuta 72 = 2³ × 3², wato biyu sau uku a jere, uku sau biyu. Ke kuwa kika sauko da ƙananan lambobin, ya zama 23 × 32.

Sojoji sun ɗauke ni rabon hatsi kwana tara, yara suka yi ta bita su kaɗai. Hajaratu, wadda ta fi kowa kai, ta buga lissafin ta sake bugawa, 736 take samu, ba 72 ba. Sai ta ce wa babanta yunwa ta cinye mata ƙwaƙwalwa. Da ma ya ce in ba za ta ci jarrabawar shiga kwalej ba, ta bi su kudu gudun yunwa. Na roƙe shi har na gaji.

Ƙanenki, Illa

Tawa, 9 ga Mayu

Illa,

Muna lafiya, sai zafi. Kai ma dai da neman magana! Kowace 'yar lamba sai na murza abin naɗa takarda rabin layi sama, in buga, in dawo da shi. Wuni nake buga sunayen masu jiran hatsi. Na ɗauka ado ne irin naku na malamai, shi ya sa na daidaita su.

Amma zancen yarinyar ya tsaya mini a rai. Na sake bugawa, na kuma warware kowane a ƙasa: 2 × 2 × 2 × 3 × 3. Yaushe za su tashi?

Yayarka, Rakia

Takanamat, 14 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Sun tashi jiya, ta Tawa za su bi. Babanta Sule ne, dogo, mai tabo a goshi. Ni kam na gaji, wallahi.

Illa

Tawa, 16 ga Mayu

Illa,

Ina gaishe ka. Na same su a tashar motocin zuwa Ƙonni, na ba ta sabuwar takardar, na ce kuskurena ne. Ta bi layin da yatsa, ta ƙirga a bakinta, sannan ta ce, "Ashe kaina lafiya lau."

Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zane. Babanta ya kira ta, ta hau mota.

Ka yafe mini. Allah ya ba mu damina.

Rakia