Rasuwar Malam Uwaisu Almu da Hotunan da Aka Tarar a Ɗakinsa

Cikin alhini da faɗuwar gaba, Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Arewa Mazauna Landan ta samu labarin rasuwar ɗan'uwanmu, Malam Uwaisu Almu, ɗalibin digirin digirgir a wata jami'a da ke unguwar Bloomsbury, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata bayan gajeriyar jinyar ciwon haƙarƙari. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A wannan zamani da kuɗin fetur ya sa kowa ke rububin karatun injiniya, marigayin ya shekara biyar yana nazarin hotunan ɗab'i na Turawan da, irin waɗanda ake sassaƙawa a katako ko tagulla, a shafa tawada, a danna a takarda, musamman masu nuna mutum yana rikiɗa dabba. Ya sha gaya mana cewa wa'azi ne ba tsafi ba: wanda haɗama ta ci, alade ake zana shi.

Ƙungiya ba za ta ɓoye ba, mu huɗu da muka je gidansa gaisuwa mun tarar da bango cike da hotunan mutane masu kan barewa da hannuwan da suka fara zama kofato, kuma wallahi ni mai sa hannun nan na riga kowa kai ƙofa. Daga bakinmu magana ta fita, har ta zama wai marigayin kura yake rikiɗa. Yau kwana uku ke nan, ban da maƙwabciyarsu Madam Rhoda Katung, babu wanda ya taka wajen mai ɗakinsa, Malama Zinatu, da 'yarsu Murja, kuma babu wanda ya yarda zai yi masa wanka. Tsoronmu yanzu shi ne council, wato hukumar gari, ta binne Musulmi ba wanka ba salla, muna cikin garin nan.

Muna roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya ba iyalansa juriya, su kuma su yafe mana. Za a sallace shi ranar Juma'a a masallacin Regent's Park.

Hoton da ke saman teburinsa na wani maharbi ne da ya koma barewa, karnukan da ya raina da hannunsa suka kasa gane shi, suka yayyage shi. Mu mun san Uwaisu. Ni zan riƙe buta. Ana neman mutum biyu su yi wankan.

Alhaji Nata'ala Gwarzo,
Kakakin Ƙungiya,
16 ga Nuwamba, 1978.