Toka a Ƙarƙashin Gado

Litinin, 3 ga Maris
Yaya ya kawo min Toka, kyanwar Mama, a cikin kwali. Sati uku ke nan da rasuwar Mama, an rufe gidan. "Ke ce mai zama a gida, riƙe ta." Ni da ban taɓa son kyanwa ba. Ina buɗe kwalin ta shige ƙarƙashin gado.

Alhamis, 6 ga Maris
Ba ta ci komai ba. Da na taka keken ɗinki sai ta hau rawar jiki, kunnuwa a kwance, har ta yi fitsari a wurin. A gidan Mama fa ita ke korar karen maƙwabta daga kan katanga.

Asabar, 8 ga Maris
Likitar dabbobi ta ce tsoro ne kawai. "Kada ki jawo ta da ƙarfi. Ki ajiye mata wani abu mai ƙamshin uwar ɗakinta." Sai na buɗe akwatin Mama, wanda nake ta kauce wa. Na ciro tsohuwar rigar sanyinta mai facin gwiwar hannu. Ni na yi facin ina 'yar shekara goma sha biyu, a karkace, ta ce ba za ta taɓa warware shi ba. Na daɗe zaune a ƙasa.

Talata, 18 ga Maris
Toka ta kwana kan rigar. Ta lashi madara kaɗan.

Lahadi, 30 ga Maris
Riguna huɗu na jira, masu su sai waya suke yi. Yanzu ina juya keken da hannu, a hankali, yadda Mama ta koya min kafin ƙafata ta kai mataki. Aikin awa ɗaya ya koma na uku. Toka ta leƙo, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Yaya ya zo da kwali. Wai ya samo mai so, gida babba, ba ƙarar keke. "Kin huta, ƙanwata." Na ce masa ba ta gama warkewa ba, tafiya za ta tayar mata da hankali. Ya kalli Toka, tana miƙe a kan cinyata tana gurnani, ciki a sama. Ya ɗauki kwalinsa ya tafi.

Maganar likita ce ai. Kusan haka ta ce.