Wanda ya sa aka kama yayana yana so in yafe mishi

Admin, a ɓoye sunana. Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku ba ni shawara, ni tsohuwa ce a garin Tawa, jikata ce ke rubuta mini.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, lokacin da masu bindiga suka riƙa ƙetaro iyaka, yayana shi ke jan kamiyon, babbar motar da ke kawo man gazuwal na injin da ke ba gari wuta. Wata rana suka tare shi a hanya, suka fasa mishi kai, suka ƙone motar da man duka. Da ƙafa ya iso gida, jini har ƙirji. Injin ya tsaya, gidan likita ba wuta, kowa na neman wanda zai ɗora wa laifi.

Sai abokin aikinshi, wanda suke cin tuwo kwano ɗaya a zaurenmu, ya je ya gaya wa jandarma wai yayana ne ya sayar musu da man, ƙonewar ƙarya ce. Suka zo da rana tsaka, suka ja shi gaban innarmu, raunin ko ƙamewa bai yi ba. A kaso ya mutu, ba mu ga gawa ba. Sabuwar motar da aka kawo daga baya, wannan munafukin aka ba. Mu kuwa ko a rijiya mata ba su amsa mana sallama, har muka koma garin Kalfu.

Yanzu mutumin nan yana kwance, ciwo ya ci shi, ya aiko ɗanshi wai in zo in yafe. Na ce da ɗan ya fice mini daga gida. Ƙanena ya zo yana mini wa'azi, wai tsoro ne ya sa shi, kowa a lokacin ta kanshi yake. Na ce tsoro ne ya ba shi makullin mota? Muka yi baram-baram, har yau bai sake tako gidana ba.

Na san Allah na son mai yafiya, amma wallahi in na tuna fuskar munafukin abinci ba ya shiga. Kuma ba ni ya kashe ba, balle yafiyar ta zama tawa. In je in ce na yafe da baki alhali zuciyata ta ƙi, ko in bar shi ya je su haɗu da yayana can? Ku faɗa mini gaskiya, an ce ba zai daɗe ba.