Fentin Gidan Inna

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna. Na ga hoton gidan da maƙwabcinku tela ya turo mini. Wa ya ba ku wannan shawara? Ƙofar kicin rawaya, ta banɗaki shuɗiya, dokin ƙofa ja wur, sai ka ce makarantar yara. Gidan da Baba ya bari fari tas! An kuma ce kin fasa simintin tsakar gida kina shuka. Kin san maganar da muka yi: ƙarshen shekara Inna za ta dawo wurina, a ba da gidan haya. Wa zai kama gida a haka? A dakata da fentin nan. Ki gaishe ta da kyau.

Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Tela dai ba ya gajiya, shi da wayar nan tasa. Fenti kam an riga an gama, sai haƙuri. Ɗakinka kaɗai muka bari fari, ciki da waje, kada ka zo ka kasa barci.

Inna ce ta zaɓi kalolin da kanta. Mai fenti ya buɗe gwangwanayen a rana, ta duƙa tana leƙawa ɗaya bayan ɗaya, wanda ta ce "wannan" shi aka shafa. Lambun ma nata ne: tumatir, alayyafo da tattasai. Na kakkafa sanduna na shafa musu ragowar rawayan, na ja igiya daga ƙofar kicin har bakin famfo. Ita ke ban ruwa kullum, ko butar ba ta yarda in taɓa.

Maganar komawa wurinka kuwa, ta ce in gaya maka tumatir ya fara fure. Iyakar amsarta ke nan. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na dawo lafiya, amma raina a ɓace yake. Jiya na biyo ta gida kina wurin aiki. Na yi sallama, famfo na zuba, ba wanda ya amsa. Na shiga na tsaya a ƙofar ɗakina. Inna ta fito daga kicin da buta, ta juyo ta dube ni, sannan ta wuce abinta wurin tumatir. Na jira, ba ta waiwayo ba. Na ajiye tsarabar da na kawo na fita.

In don maganar haya take fushi da ni, ai sai a faɗa mini. Wallahi ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo haka ba. Ki huta lafiya.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Kai ma dai! Wace riga ka sa? Na san amsar, farar nan taka ta ofis. Ka tsaya da farar riga a jikin farin bango. Inna ba fushi take ba, ba ta gan ka ba ne.

Idonta yana tafiya tun bara. Likita ya ce jijiyar ce, ba aikin da za a yi. Abu mai kala sosai shi kaɗai take ganewa. Sau biyu tana faɗuwa a dokin ƙofar nan kafin mu shafa masa ja, tun daga nan ko tuntuɓe. Ta hana ni gaya maka don ta san a ranar za ka turo mota a ɗauke ta. A benenka, inda komai fari ne da ruwan toka, sai dai ta wuni inda aka ajiye ta. A nan kuwa ita ke dafa shayinta, ita ke tsinko alayyafonta.

Da ta ci karo da ledar tsarabar, ta ji ƙamshin turarenka a jiki, ta yi ta kiran sunanka har bakin titi. Ta dawo ta zauna kan bokitin fenti ta yi kuka. Ni ma na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Yanzu ka sani, shawara ta rage gare ka. Allah ya bar zumunci.

Auta.

*

Auta,

Ina gaishe ku. Maganar haya a bar ta. Ki kira mai fenti ya yi ɗakina, Inna ta zaɓi kalar.

Ina zuwa ranar Asabar. Na sayi riga ruwan lemo, har mai shagon yana tambayata ko ni zan sa. Kada ki gaya mata. Zan tsaya a inda na tsaya, ina so ta hango ni da kanta.

Yayanki.